Jayayyar Masana a kan Yisti: Tarihin Binciken Tsimuwa da Rayuwar Sel

Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wata jayayya da ta ɗauki masanan Turai shekara sittin cur, daga 1837 zuwa 1897, a kan wani abu da ba a rasa shi a gidan burodi ko wurin mai tuyar waina, watau yisti. Tambayar da suka yi ta kai-kawo a kanta gajeriya ce: abin nan da ke juya sukari ya koma barasa da iska, ya sa ƙullu ya tashi yana kumfa, aikin wata halitta ce mai rai, ko kuwa haɗuwar sinadarai ce kurum, kamar yadda ƙarfe ke yin tsatsa? Wannan juyi shi za mu riƙa kira tsimuwa a duk tsawon takardar. Idan kuwa muka ce barasa, muna nufin sinadarin nan da masana ke kira etanol.

Abin da ya sa muka ga ya dace a kawo zancen gaban wannan taro shi ne yadda ake koyar da shi. Galibin ɗaliban da ke zuwa hannunmu a kwalejojin horon malamai sun haddace labarin cikin jumla biyu: Pasteur ya gano yisti mai rai ne, ya kayar da abokan jayayyarsa, kuma yisti ba ya tsima sukari sai in ya rasa iska. Jumlar farko gaskiya ce da aka datse mata wutsiya. Ta biyu kuwa, dangane da yistin burodi, ba daidai ba ce. Ɗalibin da ya fita da su a ka zai yi shekara talatin yana maimaita su ga yara a aji.

Kafin a san yana da rai

Bature na farko da ya ga yisti da idonsa shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ke sassaƙa madubin ƙara girman abu da hannunsa. A 1680 ya duba ɗigon giya mai tsimuwa, ya ga 'yan dunƙule-dunƙule, ya aika da bayaninsu ga ƙungiyar masana ta Landan. Bai ɗauke su halittu ba. Zancen ya kwanta fiye da shekara ɗari da hamsin, domin madubin wancan zamani bai isa ya nuna abin da dunƙulen ke yi ba. Ƙwayar yisti ɗaya, watau sel ɗaya, ƙanƙanta ce ƙwarai. Sai an jera kamar ɗari biyu kafin su cika milimita guda.

A wannan tsakani masana sinadarai suka mallake fagen. Lavoisier na Faransa, a littafinsa na 1789, ya auna sukarin da ya zuba, ya auna barasa da iskar kabon da suka fito, ya nuna nauyin ya yi daidai, babu abin da ya ɓace. Gay-Lussac ya gyara lissafin a 1815. A ma'aunin yau, giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar kabon. Lissafi ne mai kyan gani, kuma mai karatu zai lura cewa babu yisti a cikinsa ko kaɗan. Wannan rashi shi ya zama tushen rigimar da ta biyo baya, gama wanda ya ga lissafinsa ya fita daidai ba tare da wani abu ba, da wuya ya yarda cewa abin nan shi ne mai aikin.

Shekarar 1837

Da madubi ya inganta, mutum uku suka faɗi magana ɗaya a shekara ɗaya, kowa a wurinsa ba tare da sanin ɗan'uwansa ba: Cagniard de la Tour a birnin Paris, Theodor Schwann a Balin, da Friedrich Kützing, malamin makaranta a garin Nordhausen na Jamus. Duk sun ga ƙwayar yisti tana fitar da ɗan toho a gefenta, tohon ya girma ya balle ya zama wata ƙwaya. Abin da ke hayayyafa kuwa mai rai ne.

Aikin Schwann ya fi na sauran zurfi. Ya tafasa ruwan sukari, ya bar iskar da aka gasa da wuta kaɗai ta shiga masa, bai tsima ba. Da iskar da ba a gasa ba ta shiga, sai ya tsima. Ya kuma gwada dafi iri biyu. Wanda ke kashe ƙananan dabbobin ruwa amma ba ya taɓa funfuna bai hana tsimuwa ba. Asinik, mai kashe duka biyun, ya tsayar da ita cik. Daga nan ya yanke cewa yisti dangin funfuna ne, ya raɗa masa suna da Jamusanci mai ma'anar funfunar sukari, wanda Meyen ya mayar Saccharomyces, sunan da ake amfani da shi har yau. A littafinsa na 1839, inda ya kafa cewa jikin dabba da na tsiro duk da sel aka gina su, Schwann ya kawo tsimuwa a matsayin misali mafi bayyana na yadda kowane sel ke karɓar abinci ya sauya shi. Mu riƙe wannan magana, za mu sake tarar da ita a gaba.

Manyan masana sinadarai na lokacin, Berzelius na Suwidin da Liebig da Wöhler na Jamus, suka karɓi labarin da raini. A 1839 aka buga wata maƙala ta ba'a, ba sunan marubuci, a mujallar da Liebig ke shugabanta, kuma an tabbatar daga baya cewa hannunsa da na Wöhler ne. Maƙalar ta siffanta yisti da wata 'yar dabba mai kamar tulun tace barasa, tana haɗiye sukari, tana kashin barasa, tana fitsarin iskar kabon. A ra'ayin Liebig, yisti mushe ne mai ruɓewa, kuma girgizar ruɓewarsa ce ke kama sukarin da ke kusa ta wargaza shi.

Yana da sauƙi a yau mu yi wa Liebig dariya, amma adalci ya sa mu dubi abin da yake karewa. A 1828 Wöhler ya haɗa sinadarin yuriya na fitsari a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowace dabba ba. Masana sinadarai sun fara ganin cewa abubuwan da ke cikin jikin mai rai suna bin dokokin da dutse da gishiri ke bi. A kunnensu, cewa "rai ne ke tsima sukari" daidai yake da rufe ƙofar bincike, domin kalmar rai ba ta bayyana yadda aka yi. A wannan gaɓa suna da hujja. Laifinsu shi ne ƙin leƙa madubin.

Pasteur da abin da ya gagare shi

Louis Pasteur masanin sinadarai ne shi ma. A 1856, yana shugaban sashen kimiyya a jami'ar Lille, wani mai masana'antar barasa ya nemi taimakonsa saboda tukwanensa suna yin tsami. Pasteur ya tarar da yisti a tukwane masu kyau, a masu tsami kuwa wasu halittu sirara waɗanda suka fi yisti ƙanƙanta. A 1857 ya buga bayani cewa kowace irin tsimuwa da halittarta. Wannan ya shafi ɗakin girkinmu kai tsaye. Ƙullun waina da aka bari ya kwana yana samun tsami daga bakteriya, tashi kuwa daga yisti, ko na daji ko na leda. Kanwar da ake ɗigawa tsamin take kashewa.

Gwajinsa na 1860 shi ya karya ra'ayin Liebig. Ya zuba sukari a ruwa, ya sa gishirin amoniya da tokar yisti da aka ƙona, sannan ya jefa ɗanyen yisti kamar kan allura. Babu wani mushe mai ruɓewa a ciki, amma yistin ya yawaita, nauyinsa ya ƙaru, sukari ya tsima. Har ila yau ya nuna lissafin Gay-Lussac bai cika ba, domin kusan kashi biyar cikin ɗari na sukarin yana tafiya wajen yin gilisarin da wani asid da gina jikin yistin kansa. A 1861 ya lura cewa idan aka wadata yisti da iska yakan yawaita da sukari kaɗan, in an hana shi kuwa ya ci sukari mai yawa ya ƙaru kaɗan. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa tsimuwa ita ce hanyar rayuwa inda babu iska.

Sai dai Pasteur ya wuce inda hujjarsa ta tsaya. Ya dage cewa tsimuwa ba ta rabuwa da rayayyen sel. Tun 1858 Moritz Traube ya ce dole akwai wasu sinadarai a cikin sel ɗin da ke yin aikin, kuma a 1860 Berthelot ya ciro ɗaya daga yisti, mai raba sukarin rake gida biyu. Irin waɗannan sinadarai su Wilhelm Kühne ya raɗa wa suna enzayim a wajajen 1877, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar "a cikin yisti". Pasteur da kansa ya nemi ya ciro wanda ke yin barasa, abin ya gagara. Liebig ya mutu a 1873 bai sauka daga ra'ayinsa ba, Pasteur ya mutu a 1895 bai sauka daga nasa ba.

Ruwan yisti na Buchner

Abin da ya warware rigimar ba shi aka fita nema ba. A 1896, a birnin Munich, Hans Buchner yana neman ruwan cikin ƙwayoyin halitta don gwajin magani a jikin dabbobi. Mataimakinsa Martin Hahn ya samo dabarar niƙa yisti da yashi da wata farar ƙasa mai laushi, a naɗe a ƙyalle mai ƙarfi, a matse da injin matsa. Kilo ɗaya na yisti yakan ba da kusan rabin lita na ruwa. Amma ruwan ba ya jimawa yake lalacewa, ga shi ba dama a sa masa maganin kashe ƙwayoyi tunda dabba za a ba. Sai suka zuba sukari mai yawa, yadda matan Turai ke adana 'ya'yan itace. Ƙanensa Eduard Buchner, masanin sinadarai, shi ya lura ruwan ya fara kumfa. Ya tace shi, ya duba a madubi, babu sel ko ɗaya, amma barasa da iskar kabon suna fita.

Ya buga sakamakon a farkon 1897, ya kira sinadarin zaimes, aka ba shi lambar Nobel a 1907. Ya rasu a 1917 daga raunin da ya samu a fagen yaƙi a ƙasar Romaniya.

To, wa ya yi gaskiya ke nan? A ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabi ya ƙi rabi. Tsimuwa aikin sinadarai ce, tana yiwuwa a kwalba ba tare da rai ba, kamar yadda Traube ya faɗa kuma Liebig ya yi fata. Amma sinadaran da ke yin ta rayayyen sel ne ya ƙera su don amfanin kansa, kamar yadda Schwann da Pasteur suka nuna. Malamin da ya tsaya a 1860 ya hana ɗalibansa sanin inda ilmin sinadaran jiki ya samo asali.

Me yisti ke nema da barasa?

Da aka samu ruwan Buchner, sai ya yiwu a kwance aikin gaɓa-gaɓa. Arthur Harden da William Young, a cibiyar Lister ta Landan, suka lura ruwan yakan yi sanyi alhali ga sukari bai ƙare ba. In an ƙara gishirin fosfet sai ya sake tashi. A 1906 suka tace ruwan da matata mai ƙananan ƙofofi, ya rabu biyu. Abin da ya wuce ba ya tsima sukari, abin da ya saura ma ba ya yi, amma in an haɗa su aiki ya dawo. Wanda ya saura zafi yana kashe shi, shi ne enzayim. Wanda ya wuce ƙarami ne, yana jure tafasa. A cikinsa akwai abin da yau ake kira NAD. A 1911 Carl Neuberg ya gano enzayim ɗin da ke cire iskar kabon daga asid ɗin fairubik ya bar asitaldihaid. A 1929 aka gano ATP. Zuwa wajajen 1940, ta hannun Embden da Meyerhof da Parnas da Warburg da wasunsu, an san matakan duka: goma daga gulukos zuwa fairubik, biyu daga nan zuwa barasa, kowane mataki da enzayim ɗinsa. Zaimes ɗin Buchner ashe taro ne.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan amsar take. Yisti ba barasa yake nema ba, ƙarfi yake nema. Daga kowane gulukos da ya farfasa yakan ci ribar ATP biyu, kuma ATP ita ce kuɗin da sel ke kashewa wajen duk wani aiki. Amma a mataki na shida dole a cire haidirojin daga sukarin a ɗora wa NAD. Mu ɗauki NAD a matsayin 'yan dako a tasha, waɗanda ba su da yawa. In duk sun ɗauki kaya kuma babu inda za su sauke, sauke mota ya tsaya. Idan akwai iskar oksijin, ana iya sauke kayan a maitokondiriya, wasu 'yan jakunkuna a cikin sel, a ƙone sukarin ƙurmus a samu ATP ninkin-ba-ninki. In ba haka ba, sai yisti ya sauke kayan a kan asitaldihaid, kuma asitaldihaid da aka ɗora wa haidirojin shi ne barasa. Matakai biyun ƙarshe ba su ba da ko ATP ɗaya. Amfaninsu kawai su sako 'yan dakon su koma bakin aiki.

An sami shaidar wannan ta hanya maras daɗi. A yaƙin duniya na farko Jamus ta rasa man da take yin gilisarin na haɗa nakiya. Sai aka riƙa zuba gishirin salfait a tukwanen tsimuwa, ya kama asitaldihaid ya riƙe. Yisti, da ya rasa masaukinsa, sai ya juya ya sauke haidirojin a wani wuri, abin da ya fito kuwa gilisarin ne.

A 1918 Otto Meyerhof ya nuna cewa ƙaramin sinadarin nan na Harden da Young yana cikin tsokar dabba ma. Matakai goman farko iri ɗaya ne a yisti da a cinyar mai gudu; a ƙarshe kawai suka rabu, tsoka ta sauke kayanta a kan fairubik ta yi asid ɗin laktik. Maganar Schwann ta 1839 ta fara tabbata ke nan.

Saura jumla ta biyu da ɗalibanmu suka haddace. Abin da Pasteur ya gani a 1861 gaskiya ne a wasu halaye, musamman in sukari ya yi ƙaranci. Amma a 1966 De Deken ya nuna cewa yistin burodi, muddin sukari ya wadata, yana yin barasa ko da iska ta ishe shi, domin yawan gulukos yana danne aikin maitokondiriya. Ana kiran wannan hali da sunan Herbert Crabtree, wanda ya ga irinsa a ƙwayoyin ciwon daji a 1929. Ba kowane yisti ke da shi ba. Abin mamaki ne halitta ta zaɓi hanya mai ƙarancin riba alhali ga mai yawa a buɗe. Bayanin da masana da dama suka karkata gare shi shi ne tsere: tsimuwa ta fi sauri, yisti ya cinye sukarin ɗan itace kafin abokan takara, barasar da ya tara ta kashe su, sannan in sukari ya ƙare ya dawo ya ƙone barasar da iska. Wannan dawowa ta ƙarshe ana ganinta a ɗakin gwaji. Saboda haka idan malami ya ɗaura balan-balan a bakin kwalbar ruwan ɗumi da sukari da yisti, ya ga ta kumbura, kada ya gaya wa yara toshe kwalbar ne ya jawo tsimuwar. Ko a buɗe take za ta yi.

Daga tukunya zuwa cikin sel

A 1883 Emil Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg na Kofanhagan, ya ware ƙwayar yisti guda ya raine ta ta zama iri tsantsa. Da wannan aka samu damar nazarin gado: Winge a 1935 ya bayyana zagayen rayuwar yisti, Lindegren a 1943 ya nuna yana da jinsi biyu masu haɗuwa, Ephrussi a 1949 ya samu yisti masu naƙasar numfashi waɗanda gadon naƙasarsu ba ya bin cibiyar sel, abin da ya kai ga sanin cewa maitokondiriya tana da nata kayan gado. Yisti yana da cibiya kamar sel ɗin mutum, ga arha, ga shi yana ninka kansa cikin kamar minti 90. A 1996 ya zama halitta mai cibiya ta farko da aka karance kayan gadonta kakaf, ƙwayoyin gado wajen 6,000 a kan kuromosom 16.

Tohon nan da mutanen 1837 suka gani shi ya zama agogo a hannun Leland Hartwell na Amurka. Girman toho yana nuna inda sel ya kai a hanyarsa ta rabuwa biyu. Tun daga 1970 Hartwell ya riƙa tara yisti masu naƙasa waɗanda, in an ɗumama su, duk sai su tsaya da toho mai girma ɗaya, da haka ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da rabuwar sel.

Paul Nurse na Ingila ya yi aikinsa da wani yisti dabam, mai siffar sanda, wanda ba ya toho, tsagewa yake yi a tsakiya. Asalinsa daga nahiyarmu ne: Paul Lindner ya ware shi a 1893 daga giyar gero ta Gabashin Afirka, ya sa masa suna Schizosaccharomyces pombe, domin pombe ita ce giya da Sawahilanci. Nurse ya gano wata ƙwayar gado, cdc2, wadda in ta lalace yistin ya yi ta tsawo ba ya rabuwa. A 1987, shi da Melanie Lee suka ɗauki ƙwayoyin gadon mutum suka riƙa cusa wa irin wannan naƙasasshen yisti, har suka dace da ɗaya wadda ta sa ya ci gaba da rabuwa kamar lafiyayye. Da aka karanta ta, sai aka tarar kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗin da take yi daidai yake da na yistin. Ita ce ake kira CDK1 a yau, tana cikin abubuwan da masu binciken ciwon daji ke nazari, kuma a kan wannan aiki aka ba Hartwell da Nurse da Tim Hunt lambar Nobel a 2001.